Ta'aziyyar Kofur, Tsohon Sojan Bama

Labarin ya iso mini da hantsin wata Talata a cikin Disambar 2023, ina wurin aiki a Kaduna. Babban ɗan marigayin ne ya kira, kuma bai tsawaita ba, ya ce, "Malam, Baba ya cika da asuba, har mun kai shi makwancinsa." Na yi salati na yi masa addu'a, sannan na zauna ina lissafin shekarun da na ɗauka ina cewa zan je in gaishe shi ban je ba. Wannan dattijo, wanda duk yankin ke kiransa da muƙaminsa na soja, wato Kofur, shi ne ya sauke ni a soron gidansa lokacin da aka fara tura ni koyarwa a firamaren ƙauyensu ina saurayi ban san kowa ba, kuma shekara huɗu na yi ina cin tuwon gidansa bai taɓa karɓar ko kwabo a hannuna ba. Tun da jana'iza ta wuce ni, na ƙudura cewa sadakar uku ba za ta wuce ni ba.

Washegari bayan azahar na isa tashar Kawo. Ban samu motar Funtuwa kai tsaye ba, sai na shiga ta Zariya a kan naira 2,500, kuɗin da ya sa wata tsohuwa ta daɗe tana roƙon ɗan kamasho ya rage mata. Direban ya ba ta haƙuri, ya ce tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da suke saye ƙasa da naira 200 ta haura 600, shi ma ba da son ransa ba ne. Wani bawan Allah ya cika mata, muka tashi.

Wanda ya zauna kusa da ni mutum ne mai furfura, zamansa a miƙe, kuma da muka zo Jaji na ga ya bi barikin da kallo har ya ɓace mana. Na tambaye shi ko tsohon soja ne, ya ce ƙwarai, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya a rundunar ECOMOG. Da na gaya masa inda za ni, sai ya gyara zama ya ce, "Malam, ashe har yanzu da sauran 'yan Bama a raye?" Na ce ai ga shi ɗaya ya tafi jiya. Daga nan har Zariya hirar da muka yi ke nan. Ya ce yaran da ake horarwa a barikin Chindit na Zariya da yawansu ba su san cewa sunan na wata runduna ce da ta yi yaƙi a dazukan Bama ba, wadda bataliyoyi uku na sojan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Haka barikin Arakan da na Myohaung da na Dodan a Legas, duk sunayen wurare ne a waccan ƙasa da yanzu ake kira Myanmar, ba Bama ta Borno ba. Ya ce sunayen suna nan a rubuce a ƙofofin bariki, amma mutanen da suka sa aka rubuta su sun ƙare ɗaya bayan ɗaya a ƙauyuka ba wanda ya ji. Da muka sauka a Kwangila ya riƙe hannuna ya ce in isar da gaisuwarsa ga iyalan, ko da ba su san shi ba.

Daga Zariya na shiga motar Funtuwa, muka bi ta Samaru da Shika da Giwa. Lokacin kaka ne, gonaki sun yi fari, an jingine karan dawa, ana ta sussuka a bakin hanya, hazo kuma ya rufe rana tun kafin la'asar sakaliya. Abin da ya bambanta wannan hanya da yadda na san ta shi ne yawan shingaye. Na ƙirga har takwas, waɗansu na masu kaki, waɗansu na 'yan sintirin gari da bindigogin gargajiya a kafaɗa. A wani shingen an sauke mu duka aka buɗe jakunkuna, a wani kuwa direba ya miƙa hannu kawai aka ɗaga katako. Bayan mun wuce Giwa sai hira ta mutu a cikin motar, kowa ya zuba wa daji ido, domin duk wanda ke cikinta ya san labarin masu garkuwa da mutane a wannan yanki. A zamanin da nake koyarwa, da tsakar dare nakan bi hanyar nan a bayan motar auduga, abin tsoro ɗaya shi ne sanyi.

Mun shiga Funtuwa ana kiran magariba. Na so in wuce a daren, amma 'yan acaɓan da ke bakin tasha duka suka ƙi, ɗayansu ya ce, "Alhaji, ko nawa za ka biya ba mai shiga wannan hanyar bayan faɗuwar rana." Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a kan naira 6,000, babu wuta, ruwa kuma a bokiti, ga sanyin hunturu yana ratsa bargo. Na sha shayi da burodi a wurin wani mai tebur, sannan na taka zuwa wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, domin Baba ya sha gaya mini cewa a nan ya fara ganin jirgi a rayuwarsa, kuma a nan ya shige shi. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya dire Ƙauran Namoda an gama shi a 1929 saboda jigilar gyaɗa da auduga, amma a lokacin Yaƙin Hitila ya ɗebi samari ma. Na tsaya a cikin duhu ina tunanin yaron da bai kai shekara ashirin ba, wanda dagaci ya zo gidansu da umarnin a ba da namiji ɗaya, ya tashi ya ce shi za shi, saboda wansa yana da mata da jariri.

Da gari ya waye na ɗauki ɗan acaɓa a kan naira 1,500, muka bi hanyar Bakori kafin mu saki kwalta mu shiga burji. Yaron bai fi shekara ashirin da biyar ba, kuma da ya ji gidan da za ni sai ya rage gudu ya yi addu'a. Da muka zo wani kwalbati a kan rafi ya tsaya ya nuna mini, ya ce kakansa ya gaya masa Kofur ne ya tara ƙauyuka uku suka yi aikin gayya, maza na fasa dutse mata na kawo ruwa, kuma har ƙarfinsa ya ƙare duk bayan damina shi yake fara fitowa da kwando da shebur a cike zaizayar hanya. Na tambaye shi ko ya san marigayin ya yi yaƙi a wata ƙasa. Ya ce ya ji ana cewa ya je Bama, amma bai san ko ina ce ba, shi dai abin da ya sani shi ne mutumin iri ne. Wannan kalma ta tsaya mini a rai, kuma kafin rana ta faɗi na ji ta a bakin mutum fiye da goma.

Mun tarar da ƙofar gidan cike, an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin tsamiya, malamai na karatu, yara na rarraba waina da gumba. Na tuɓe takalmi na durƙusa gaban babban ɗan, wanda shi kansa ya haura saba'in, na ce, "Yaya, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa." Ya ce, "Amin, Malam. Ai ya sha tambayarka." Ban iya amsa wannan ba. Aka shigar da ni cikin gida wurin matarsa da ta rage, ta rufe fuska da mayafi, da ta ji muryata ta ce, "Malam na soro, kai ne? Ka ci abinci kuwa?" Na ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya, ɗana. Ya tafi da bakinsa da kalmar shahada."

Zaman da na yi a kan tabarma daga hantsi zuwa la'asar shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na zo da tunanin zan ji ana labarin soja, sai na tarar kowa da abin da ya kawo shi, kuma babu wanda ya ambaci bindiga. Wani dattijo daga ƙauyen maƙwabta ya ce a farin 1973, lokacin da mutanen arewa suka gangaro da jakuna da yara suna neman abin kai wa baki, manoma da yawa sun cinye har irin da suka ajiye, amma Kofur yana da rumbu ɗaya da ba ya buɗewa komai tsananin yunwa, har iyalinsa suka yi fushi da shi. Da ruwa ya sauka sai ya fasa rumbun ya auna wa kowane magidanci tiya biyu ta irin dawa da gero, da sharaɗin in an girbe a mayar da tiya biyu, ba ƙari. Tun daga wannan shekara abin ya zama al'ada, wanda ya rasa iri ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wani ya karɓe zancen ya ce da cuta ta kashe gyaɗa a 1975, shi ne ya hau keke ya je har Samaru ya nemi shawarar malaman gona, kuma da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a wannan tsakanin, shi ya fara yarda aka yi gwajin masara da takin zamani a gonarsa ta bakin hanya, don kowa ya gani da idonsa kafin ya saka kuɗinsa.

Wani Ardo ya zo da mutanensa su shida, ya zauna a gefe bai ce komai ba sai da aka yi sallar azahar. Sannan ya ce shi abin da zai faɗa ɗaya ne, burtalin da ya bi ta yammacin ƙauyen har yau yana nan da faɗinsa, kuma dalili shi ne duk shekara kafin shuka Kofur yakan bi shi da ƙafa yana duba ko wani ya ci iyaka, kuma ɗansa na cikinsa ya fara sa wa ya tuge shukar da ta shiga. In shanu sun yi ɓarna shi ake kira ya kimanta, kuma Fulani sun yarda da kimarsa kamar yadda manoma suka yarda. Ardon ya share ido ya ce yanzu bai san wanda za a kira ba. A irin halin da yankin yake ciki, na ɗauki wannan magana da nauyi fiye da duk abin da aka faɗa a ranar.

Sauran na riga na san wasu. Na san filin da aka gina firamaren da na koyar gonarsa ce, ya bayar da ita a 1976 lokacin shirin ilimin firamare kyauta, sa'ad da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a rubuta su. Na san a barikin soja ya koyi karatun boko, kuma da aka fara Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 shi ya riƙa koyar da magidanta a zaurensa da fitilar ƙwai. Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne da masu lamba suka zo rigakafin agana mutane suka gudu daji, shi ya fara naɗe hannun riga a gaban jama'a, ya jera 'ya'yansa a bayansa. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ba a taɓa zaɓensa kansila ba, kuma liman ya ce sau biyu ana ba shi mai unguwa yana cewa a ba wanda ya gada.

Da dare aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka da man shanu a soron da na zauna a da, wanda yanzu an yi masa rufin kwano. Bayan isha'i Yaya ya shigo da wani tsohon akwatin ƙarfe, ya ce Baba ya yi wasiyya in na zo a nuna mini. A sama akwai littafin sallamarsa daga soja, takardun sun yi ja, an buga 1946 a jiki, kuma da shi ne aka ƙiyasta cewa ya doshi shekara ɗari, tun da a zamaninsu ba a rubuta haihuwa. Akwai lambobin yabo da aka naɗe a tsumma, ciki har da mai siffar tauraro da ake ba waɗanda suka yi yaƙin Bama. Akwai kuma wani ɗan ƙyalle da aka ciro daga kafaɗar riga, mai hoton masu biyu a gicciye a kan gammo. Wannan ita ce alamar Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta bar gida a 1944, ta shiga yankin Arakan a ƙarshen shekarar, kuma tare da Runduna ta 81 mai alamar gizo-gizo suka karɓe garin Myohaung daga hannun sojan Japan a Janairun 1945.

Gammon nan ba ado ba ne. A duwatsu da dazukan Arakan mota ba ta shiga, don haka rundunonin biyu suka dogara da jiragen sama masu sako kaya da laima, da kuma dubban sojoji waɗanda aikinsu shi ne su ɗauki kayan a ka, harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi, su kuma ɗauko waɗanda aka ji wa rauni, su sare daji da adda a yi filin saukar ƙananan jirage. Baba yana cikin waɗannan, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Na tuna wani dare da na matsa masa da tambaya ko mutum nawa ya harbe, ya dube ni ya ce, "Malam, ni ɗan dako ne. Wanda ya harba ya san abin da ya harba, ni abin da na sani shi ne in na ajiye kayana wani zai kwana da yunwa ko ya mutu a inda ya faɗi." Yakan ba da labarin ruwan sama da ke kwana da kwanaki bai ɗauke ba, da matsattsaku da ke shiga har cikin takalmi, da ƙwayar zazzaɓi mai ɗaci da ake tsare su su haɗiye kullum, da yadda Hausa ta zama harshen da Bayarabe da Tibi da mutumin Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, ke magana da juna a sansani. Yakan ambaci wani abokinsa da zawo ya kashe, suka binne shi a bakin wani kogi ba likkafani sai bargo, kuma duk azumi yakan yi masa sadaka. Game da haƙƙinsu kuwa, ya san an biya baƙar fata ƙasa da abin da aka biya Bature mai muƙami ɗaya da shi, ya faɗa mini haka sau ɗaya, bai sake ba. Da kuɗin sallamarsa ya sayi bijimai biyu da garma, ya zama na farko da ya yi huɗa da shanu a ƙauyen.

A ƙarƙashin waɗannan kaya ne na ga abin da ya fi girgiza ni. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, sun fi talatin, an ɗaure su da zare. A cikinsu ya rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka a kowace shekara, da ranar da ya ɗauke, da yawan damin da kowace gona ta ba shi, sannan sunayen waɗanda suka ari iri, da alamar da yake yi in sun mayar. Na lura akwai sunaye da yawa da ba a yi musu alamar biya ba, an dai ja layi a kansu an rubuta "na yafe". Rubutun farko manya ne a tsaye irin na bariki, na ƙarshe kuwa yana rawa, har inda hannun wani jikansa ya karɓa. Lambobin yabon sun yi tsatsa don ba a taɓa su, amma gefen littattafan ya yi baƙi saboda yawan buɗawa.

Na kwana ina kwatanta wannan da unguwar da nake zaune a Kaduna, inda na shekara goma sha biyu ban san sunan wanda katangarmu ta haɗu ba sai da aka yi masa rasuwa. In kwata ta toshe a layinmu, mukan jira hukuma har ruwa ya shigo ɗaki, in an kira taron unguwa kuma kowa ya aiko da uzuri. Ba na cewa ƙauye aljanna ce, domin na ga samari sun ragu ƙwarai, na ga gonakin da ke nesa da gari an bar su saboda tsoro, asibiti mafi kusa kuma sai an hau babur. Amma na ga wurin da mutum ɗaya ya ɗauki abin da ba na kowa ba ya mai da shi nasa har shekara saba'in da wani abu, kuma duk ranar 15 ga Janairu da ake ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya, shi yana gonarsa ta fadama yana ban ruwan albasa.

Da asuba bayan salla Yaya ya raka ni maƙabarta. Kabarin sabo ne, an jera masa ƙaya saboda dabbobi, babu wata alama da ta bambanta shi da na kusa da shi. Muka yi addu'a muka biyo ta gonarsa ta gado, inda gawo da ɗorawa da ya hana a sare suke tsaye, muka tsaya a gaban rumbun irin. Yaya ya ce 'yan'uwa sun zauna jiya sun amince ba za a sa shi a cikin rabon gado ba, ƙaramin jikan da ya riƙa yi masa rubutu shi zai ci gaba da riƙe littafin.

Da na shiga sallama, Inna ta sa aka kawo mini ƙullin daddawa da kuka, da wata 'yar jaka mai tiya biyu ta dawa. Na ce, "Inna, ai ni ba ni da gona." Ta ce, "Ka samu inda za ka zuba, ko bayan ɗaki ne. Shi ma da yana nan ba zai bar ka ka tafi hannu sake ba." Jikan ya buɗe littafin ya rubuta sunana a ƙasan na ƙarshe.

Ɗan acaɓan jiya ne ya dawo ya ɗauke ni, kuma ya ƙi karɓar kuɗin komowa. Daga Funtuwa na samu motar Kaduna kai tsaye, tafiyar ba ta da wani labari sai a shinge na uku bayan Giwa, inda wani matashi mai kaki ya taɓa jakar da bakin bindigarsa ya tambayi abin da ke ciki. Na ce iri ne, daga gidan wani tsohon soja da ya rasu. Ya tambaye ni wane yaƙi ya yi, na ce na Bama. Ya ɗan yi shiru, ya janye bindigar, ya ce Allah Ya jiƙansa, ya ɗaga wa direba hannu. Na iso Kawo ana kiran la'asar, kuma jakar tana nan rataye a ɗakina, nesa da ɓera, har ruwan shuka ya sauka.